Toma Mai Rigar Faifai

Duk wanda ya sayi faifan waƙa a Bauchi a shekarun da sidi ke tashe, da wuya a ce bai taɓa riƙe aikin Toma ba. Shi dai ba mawaƙi ba ne, in ya ɗaga murya a majami'a ma na kusa da shi matsawa suke yi. Sana'arsa yi wa faifai riga.

Ya baro Bogoro yana saurayi, ya koyi ɗinkin littattafai a birni. Daga baya ya lura mawaƙa na sayar da faifansu tsirara cikin leda, abin ya ba shi haushi. Sai ya kama ɗan shago a Fadaman Mada, ya ajiye tsohuwar kwamfuta da firinta mai tari, ya sayo kwalaye da reza. Shi ke tsara hoto, ya buga, ya yanka. Matarsa Liatu ke naɗe kwalin, ta shafa gam a gefe ta manne. Masu ƙasida na zuwa, masu garaya na zuwa. Cika bakin Toma kuwa ba a magana, kuma abin haushin shi ne aikin nasa na da kyau.

Wata shekara matan zumuntar majami'arsu suka yi faifansu na farko. Mama Cecilia, uwar zumunta, ta kawo hoton da kanta: mata jere reras cikin atamfa iri ɗaya, Liatu can ƙarshen layi rungume da tulun da take kaɗa musu.

"Toma, ka ga matan nan? Ko ɗaya ta rasa fuskarta a jikin faifan nan, ni da kai ba za mu sha ruwa a garin nan ba."

Toma ya bugi ƙirji. "Mama, ki kwantar da hankalinki. Babu wadda za ta duba ta rasa kanta."

Matsalar ita ce hoton dogo ne, sai ya zagaye kwalin, wasu su faɗo gaba, wasu baya. Kuma wa ke son baya? Tun washegari suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta zo wai wucewa take yi, ta ajiye masa ƙullin gyaɗa. Waccan ta tuna masa ita ta yi wa Liatu wankan jego. Kowacce in za ta tashi sai ta rage murya: "Ɗana, ka san dai inda ya dace da ni."

Da wani ne, da ya ruɗe. Toma kuwa dariya ya yi, don aikin hannu ba na kamfani ba ne, babu dokar da ta ce sai riguna sun zama iri ɗaya. Duk wadda ta zo, sai ya ɗan sauya wa matan wuri a hoton cikin kwamfuta har ta faɗo tsakiyar gaba, ya buga mata nata daban. Yana yanka yana fito, yana miƙa wa Liatu, ita kuma tana mannawa.

Ranar ƙaddamarwa, bayan an tashi sujada, ya raba wa kowacce nata. Ba a jima ba asiri ya tonu a harabar majami'a, don wata ta kasa haƙuri ta nuna wa ƙawarta, ƙawar ita ma ta zaro nata. Sai dariya ta ɓarke, har da guɗa. Mama Cecilia tana share hawaye ta ce, "Kai Toma, Allah ya shirye ka!"

Daɗi ya kashe shi. Ya ratsa taron yana karɓar yabo har ya iso wurin matarsa.

"Maman Elias, kin ga aiki? Na ce babu wadda za ta rasa kanta. Kawo naki mu gani."

Ta miƙa masa. Ya duba gaba, ya juya baya, ya sake juyowa. Liatu ta karɓa, ta sa farce ta ɓanɓare gefen da aka manne. Ga fuskarta nan a ƙarƙashi, busasshen gam ya rufe ta.

"Ga ni nan, Baban Elias," ta ce a hankali. "A kowanne faifai nan nake. Ni na shafa gam ɗin."

Kunya ta rufe Toma. Ya sunkuya ya ɗauki tulunta ya rungume, ya bi ta a baya suka nufi bakin titi.