Tukunyar da Ban Turara Ba

Shekarun baya, ina sabuwar malama a wata firamare a nan Dutse, aka sare tsohuwar tsamiyar da ke bayan gidanmu a Limawa saboda za a yi gini a filin. Ban san ina ƙaunar bishiyar nan ba sai da na wayi gari na ji shiru. A da, ana idar da sallar asuba su gwara da su kurciya suke fara hayaniya a cikinta, har mahaifiyata ta riƙa yi musu tsaki. Rana ɗaya duk suka watse.

Ku da kuke bibiyata kun san halina. Littattafan soyayya na kasuwa su suka raine ni, a tsakiyar littafin lissafi nake ɓoye su ina karantawa. Kuma a duniyar littattafan nan babu budurwar da take farkawa ba tare da tsuntsaye suna rera mata waƙa a bakin taga ba. Saboda haka na ɗauki sare tsamiyar nan a matsayin zaluncin da aka yi mini ni kaɗai.

A hanyata ta zuwa makaranta akwai wani ɗan lambun shaƙatawa mai bencina na siminti da matasan bishiyoyin darbejiya. Inuwa ce mai kyau, amma babu bishiya ko ɗaya da ta tsufa har ta yi kogon da tsuntsu zai yi sheƙa. Na taɓa gani a waya cewa a wasu birane ana rataya wa tsuntsaye ƙananan gidaje na katako, sai na ce ni ma zan yi.

Mahaifiyata ta saurare ni har na gama, ta ce, "Katako da rufin kwano a zafin Dutse? Ai gasa su za ki yi. Mu a garinmu tukunya ake kafa wa tantabaru."

Garinsu Aujara ne. Ita ta aika wa wata mai ginin tukwane a can, aka gina mini guda goma sha biyu, rufaffu, kowace da ƙaramar ƙofa a gefe da hannun rataya a sama.

Baba mai lambu, dattijon da yake share wurin yana ba shuke-shuke ruwa, shi ya kai ni gaban shugaban lambun. Shugaban ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, in dai ba za su jawo mini magana ba." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na tsaya mata."

A makon ne mahaifiyata ta tafi suna Kafin Hausa, ta bar ni da tukwane da hankalina. Na shafe su da fenti ruwan hoda, ban da guda ɗaya, na zana wa kowace zuciya a saman ƙofa. Da na jera su a tsakar gida ina kallo, sai tunani ya zo mini cewa ai sabon gida ne ma'aurata za su tare a ciki, kuma ba a kai amarya ɗakin da ba a turara ba. Na shiga ɗakin mahaifiyata na ɗauko kwalbar turaren wutarta, irin mai sukari da sandal wanda take ɓoyewa a ƙasan akwati. Na zuba garwashi a kasko, na riƙa kifa tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ina lulluɓe su da zani don ƙamshin ya kama. Kwana uku ina wannan aiki.

A kan ta goma sha ɗaya turaren ya ƙare. Ban damu ba, don ta ƙarshen dama ba ta yi mini ba. Wuta ta ci gefenta a wurin gashi ta yi baƙi, ƙofarta kuma a karkace take. Ko fenti ban ɓata a kanta ba. Ranar ratayewa na ce wa Baba ya kai ta can baya, jikin katanga kusa da famfo, inda ba mai ganinta.

Daga nan kullum in na taso makaranta sai na zauna a benci da littafi a hannu, ina jiran tsuntsaye. Gaskiya ba su kaɗai nake jira ba. A raina na riga na gama tsara yadda wani mai farar shadda zai tsaya ya tambayi Baba, wace ce mai wannan tausayi haka? Ba tsuntsu, ba mai shadda. Wata rana Baba ya ce, "Malama, na fa ga ƙudan zuma suna yawan zagaya tukwanen nan naki." Na ce masa ƙamshin furanni suke bi, har abin ya burge ni.

Sai wata Asabar, wajen wata guda da ratayewa, wasu ango da amarya suka zo ɗaukar hoto da tawagarsu. Mai hoto ya ga tukwane masu zuciya, ya jera su a ƙarƙashi. Abokin ango, don hoto ya yi kyau, ya kama reshe ya girgiza wai ganye ya zubo wa amarya. Sai ga zuma ta yo waje daga cikin tukwanen. Baba ya ce bai taɓa ganin an yi gudu da babbar riga irin na ranar ba. Amarya ta bar takalmi ɗaya, abokin ango kuma leɓensa ya kumbura har ba a gane maganarsa. Allah ya tsare, abin bai wuce nan ba.

Ranar Litinin shugaban lambu ya sa aka kira ni. Baba yana tsaye a gefe, kansa a ƙasa.

"Gidan tsuntsu kika ce mini ko gidan zuma?"

"Ranka ya daɗe, na tsuntsu ne."

"Tsuntsu nawa ya shiga?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ranar Juma'a kafin masallaci zan zo da kaina. In na tarar da ƙudan zuma ko ɗaya, ko kuma ba ki nuna mini tukunyar da tsuntsu ya shiga ba, a sauke su duka a fasa. Kuma ba za a sake rataya ko tsinke a lambun nan ba."

A gida na faɗa wa mahaifiyata komai, har da kwana ukun da na yi ina turare. Ta tashi ta buɗe akwati, ta ɗago kwalbar ta duba ta a haske. Ta ce, "Wanda nake ajiye wa bikinki ne. To, kin aurar da zuma. Tashi ki tafi wurin kakanki."

Kakana, mahaifinta, tun yana saurayi yake kafa amya a bishiyoyin Aujara yana cire zuma. Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Ya saurare ni da farko kamar abin tausayi, amma da na zo kan turare sai ya ajiye igiyar ya kama dariya har da tari.

"Uwargida, kin san yadda ake kiran zuma ta shiga amya?"

"Ina zan sani, tsoho? Ni ba 'yar daji ba ce."

"Turara ta ake yi. A sa mata ƙamshi, a rataya a bishiya, a koma gefe. Ni sai in turara goma, biyu su kama. Ke a tsakiyar birni nawa suka kama?"

"Baba mai lambu ya ce uku."

"Ki bar koyarwar nan ki zo mu haɗa jari, na ga kin fi ni hannu."

Na ce masa in ya gama yi mini dariya, Juma'a za a fasa mini tukwane. Ya share hawaye ya ce ba a fasa tukunyar matarsa yana raye.

Ranar Alhamis ya zo Dutse ya kwana a gidanmu. Ana idar da asuba muka isa lambun, da sauran sanyi, zumar ba ta fara fita ba. Ya hau tsani, Baba yana riƙe masa, ya toshe ƙofar tukunya da tsumma, ya zura ta a buhu, ya ɗaura igiya. Ni aka ba ƙarshen igiyar in riƙa sassautawa a hankali. A tukunya ta biyu wata zuma ta kuɓuce ta harbe ni a bayan hannu. Zafin ya kai mini har kafaɗa, amma na san in na saki, tukunyar za ta fashe a kan dattawa biyu. Na cije leɓe na ci gaba da sakin igiya kaɗan-kaɗan har ta taɓa ƙasa. Kakana ya leƙo daga sama ya ce, "A'a, ashe jinina ce."

Sauran takwas ɗin muka sauke su. Ya sa na ƙona kara a cikin kowace don ƙamshin ya mutu, na goge da toka, sannan ya kwaɓa laka ya turo mini. Ya ce tsuntsu ba ya son gidan da kowa zai hango. Da hannuna mai kumburi na shafe zukatan nan ɗaya bayan ɗaya, ina ji kamar ina yaga shafin ƙarshe na littafi. Ya kuma ce a juya ƙofofin su kalli yamma, tunda daga gabas hadari yake tasowa.

Zuma dai ta fita. Amma tsuntsu fa? Ba ni da ko gashinsa da zan nuna. Muna cikin haka shugaban lambu ya iso da darduma a kafaɗa. Ya dubi buhuna uku, ya dubi tukwane takwas masu ɗanyar laka, ya ce, "To, Malama, rabi ya yi. Ina tsuntsun?"

Na buɗe baki zan fara roƙo, sai kakana ya ce, "Uwargida, ba goma sha biyu kika ce ba? Ni goma sha ɗaya na gani."

Na ce ɗayar ba ta da kyau, tana can baya. Wallahi na manta da ita, tun ranar da aka rataya ta ban sake zuwa wurin ba. Muka zagaya mu huɗu. Tun daga nesa kakana ya ɗaga hannu ya tsayar da mu. Wani siririn tsinken ciyawa yana leƙowa daga karkatacciyar ƙofar, ƙasan tukunyar kuma duk fararen ɗigon kashin tsuntsu.

Muka tsaya muna jira. Shugaban ya duba agogo sau ɗaya. Can sai ga gwara ta sauka a kan famfo da tsutsa a baki, ta karkata kai ta dube mu, ta tashi ta shige tukunyar. Nan take cikin ya ɗauki tsiu-tsiu.

Shugaban ya rage murya ya ce, "Su nawa ne a ciki?"

Kakana ya ce, "Ba a leƙa mai jego, ranka ya daɗe."

Ya ɗan jima yana kallo. Sannan ya gyara dardumarsa, ya juya wurin Baba ya ce, "Kada ka bar kowa ya shigo nan da danƙon harbi." Ya wuce masallaci. Baba ya dube ni yana murmushi, ni kuwa na zauna a gefen famfo, hannu a kumbure, hijabi duk laka, ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Kafin damina ta ƙare biyar daga cikin tukwanen sun samu masu gida. Na ƙara da kasake na ruwa a gindin bishiyoyi, kuma da sanyi ya shigo muka fara ganin wasu ƙananan baƙi da ba mu sani ba, su sha ruwa, su huta kwana biyu, su wuce. Baba ya ce matafiya ne, fadamun Haɗeja suka nufa. Tukwane ukun da kakana ya tafi da su kuwa, ya rataya su a Aujara, kuma duk lokacin da ya ciri zumarsu sai ya aiko mini da kwalba, wai kason uwargida.

Mai farar shadda bai taɓa zuwa ba, kuma har yau ban daina karanta littattafaina ba. Abin da ya sauya shi ne, yanzu in zan yi wa wani alheri nakan tsaya in tambayi kaina, shi yake son abin ko ni ce nake son in gan shi a haka. Duk da haka ina alfahari da yarinyar nan mai kasko da zani, don ba don haukarta ba da babu tukunya ko ɗaya a lambun nan. In na bi ta wurin da safe na ji hayaniyarsu, baya nake fara zagayawa in gai da baƙar tukunyata.

Mahaifiyata kuwa, har gobe in ta ji sallamata a ƙofar ɗakinta, kwalbar turare take fara ɗaukewa.