Jakar da Aka Auna da Kafaɗata

Ranar wata kasuwar Dogon Daji, a kakar shekarar da na fara fita kiwo ni kaɗai, aka tsayar da ni gaban rumfar mai jakunkuna ana gwada mini jaka kamar jakin da ake gwada wa akumari. Babana na tsaye da sandarsa. Yayana Sahabi na gefe, ya rungume wani ƙunshi cikin tsohon rawani. Kyamara ce a ciki, da idanunta biyu na gilashi da ake murɗa mata a baki, gajere da dogo.

Sahabi ya tafi cirani kurmi, can kudu, tun ban yi wayo ba. Bai aiko ba, bai leƙo ba, har Inna ta daina ambaton sunansa a gaban Baba. Sai ga shi da farkon daminar nan a ƙauyenmu na wajen Fakku, ya rame, ba akwati, ba tsaraba, sai kyamara. Baba bai yarda da inda aka samo ta ba, bai yarda ana cin abinci da ita ba, bai kuma yarda mai ita ya zo da niyyar zama ba. Ya jira har aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbu. Da Sahabi ya ce zai riƙa bin kasuwanni yana ɗaukar hoto, Baba ya amince da sharaɗi: ni zan riƙa rataya kayan, kuma a wurina za su kwana. Dabarar a fili take. Ko mutum ya ga mota ransa ya biya, ba zai hau ya bar abin neman abincinsa ba.

Sharaɗin nan shi ya kai mu rumfar mai jakunkuna. Sahabi ya fara ɗauko wata baƙa babba, mai soso a ciki da aljifai ta ko'ina. Baba ya zungure ta da sanda ya ce, "Wagga har tufafi tana ci. Mai tufafi cikin jikka matafiyi na." Aka kawo mai wurin kwaɗo, ya ce a gidansa ba a kulle wa kowa komai. Aka kawo wata mai siririyar igiya, wannan Sahabi ne ya ƙi, ya ce ranar da ta tsinke gilashi ya tafi. Mai rumfa ya gaji ya ce, "Baba, ko saniya aka saye ai da an sallama." Baba bai yi dariya ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan wata ƙarama ruwan ƙasa mai zif. Kyamara da idanunta suka shiga cif, ko hula ba ta ƙara shiga. Aka ƙulle igiyar daidai tsawona, ta ratso ƙirjina. A gida Inna ta yanka tsohon bargo ta ɗinka a tsakani, don kada gilasan su riƙa karo.

Daga nan awakin da nake kiwo suka koma hannun ƙanwar Inna da ke zaune da mu. Na bar langa, na bar kokawa a yashin gulbi, domin mai jaka ba ya faɗuwa. Muka bi Kebbe, muka bi Sanyinna. Samarin Fulani su jera da sanduna a wuya, 'yan mata su ajiye ƙwaryar nono su gyara gashi, ni kuma in miƙa dogo in karɓi gajere. Sahabi ya koya mini hure ƙura da baki. Da magariba Baba yakan kira ni bakin turke yana zuba wa shanu harawa: da wa Sahabi ya yi magana, ya je tasha? Tun ina jin nauyin tambayar har ta shige ni. Idan Sahabi ya saya mini rake, sai in ƙara damƙe igiya. Ya lura, ya sa mini suna ɗan doka.

Da bazara, a Sanyinna, na gan shi ya daɗe yana magana da direban wata babbar mota da ake loda wa shanu zuwa kurmi. Ya dawo ya durƙusa a gabana. "Auta, ba ni jikkata." Na harɗe hannuwa a kanta. Da ya so, fizga ɗaya ta isa, ni ɗin nawa nake. Ya dube ni, ya dubi motar, ya gyara mini ƙullin da ya zame a kafaɗa. "Kada ka taɓa gilashin da yatsa," ya ce. Ya haɗa ni da mutanen ƙauyenmu, ya hau saman motar shanun nan hannu banza.

Baba ya buɗe jakar a tsakar gida. Komai na nan. Ya rufe zif, ya zauna, ranar bai ci tuwo ba.

Yanzu ba kowa a gidan. Masu bindiga suka tashe mu, muka fito da abin da ke jikinmu, jakar ta zauna can a rataye. Ina dako a kasuwar Tambuwal. Kowa na ɗaukar hoto da waya, kuma duk baƙon da ya ratso da jaka sai mun bi shi da ido har ya ɓace. Ina kewar lokacin da duk zargin gidanmu bai wuce abin da yaro zai rataya ba. Sahabi dai ko labari. Ban sani ba ko dama mai tafiya ne, ko tsaronmu ne ya kore shi. Baba ya rasu yana cewa zarginsa ya tabbata. Ni ban taɓa cewa haka ba.