Ranar da Muka Je Ba Sanata Haƙuri

Shekara goma sha wani abu ke nan, amma ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abu ɗaya da ya faru da ni a Amurka wanda ba zai taɓa fita raina ba, ba zan yi dogon tunani ba. Ranar da muka saka manyan riguna, muka ɗauki goro da kilishi, muka nufi ofishin wani sanata don mu ba shi haƙuri, ita zan faɗa. Har yau in na tuna, dariya ce take fara zuwa, kunya ta biyo bayanta.

A lokacin muna zaune a Laurel, wani gari kusa da Washington, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Maƙwabcinmu, gida da gida, wani dattijon lauya ne, Ba'amurke baƙar fata, mutumin kirki na gaske. Shi ya koya mini tuƙi a kan ƙanƙara. Shi ya kai maiɗakina asibiti ranar da naƙuda ta kama ta ina wurin aiki, ranar suna kuma da shi aka yi ta ɗawainiya kamar kawun jaririya. A gidanmu Lauya kawai muke ce masa.

Wata rana ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, bakinsa ya ƙi rufuwa, ya ce shugaban ƙasa ya zaɓe shi ya zama alƙalin kotun tarayya. Maiɗakina har da guɗa a tsakiyar falo. Ya ce mu dakata tukuna, sai Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar amincewa. Na ce ai wannan kamar an yi an gama ne, wa zai ƙi mutum irinsa?

Ya je gaban kwamiti ya amsa tambayoyi, kwamiti ya amince da shi. Ya fara miƙa shari'o'in da ke hannunsa ga wasu lauyoyi, tunda alƙali ba ya tsaya wa kowa a kotu. Daga nan sai shiru. Wata uku, wata shida, har shekara ta zagayo. Mutumin da a da ba na ganinsa da rana ya koma yanke ciyawar ƙofar gidansa sau biyu a mako, da ta ƙare sai ya tsallako ya yanke tawa. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ran nan bayan la'asar na tare shi na ce ya gaya mini gaskiya, ina aka tsaya? Ya ce a majalisar akwai wata ƙa'ida: ba a kaɗa ƙuri'a sai an rufe muhawara, ba a kuma rufe muhawara sai sanatoci sittin cikin ɗari sun yarda. Don haka sanata ɗaya yana iya cewa shi bai gama magana ba, in dai 'yan jam'iyyarsa suna bayansa, magana ta tsaya cak. Filibasta suke ce wa abin. Ba ma sai ya tashi ya yi maganar ba, ya aika cewa yana da niyya ya isa. In kuma wa'adin wannan majalisar ya ƙare a farkon sabuwar shekara ba a yi ƙuri'a ba, sunansa shi Lauya ya faɗi, kuma a shekarunsa ba ya jin za a sake aikawa da shi. Saura wata uku.

"Wane ne ya tare ka?" na tambaye shi.

Ya faɗi sunan wani sanata daga wata jiha mai nisa.

"Me ka yi masa?"

"Ban taɓa ganinsa ido da ido ba."

"To mahaifinka fa? Ko wani naka ya taɓa saɓa masa?"

Ya yi dariya, ya ce ba haka abin yake ba, ya koma kan injin ciyawarsa.

Ni fa ban yarda ba. Inda na tashi, babban mutum ba ya tare maka hanya haka kawai. Ko ba ka je gaisuwa ba, ko an yi rasuwa ba ka yi ta'aziyya ba, ko wani ya kai gulmarka. Maganin kuma sananne ne: a tara dattawa a je a ba da haƙuri. Mai abin ba ya zuwa, ba a ma gaya masa, don kada kunya ta sa ya ce a bari. Ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai, in na sa abu a raina sai na ga ƙarshensa.

Na tafi garin Landover wurin dattijon Hausawan yankinmu, wanda kowa ke kira Baba. Duk auren da ya so mutuwa, duk abokan sana'ar da suka ɓata, gabansa ake kai su. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Maƙwabci yana da haƙƙi, ɗana. Ranar Talata mu je."

Mutum ɗaya ne ya ja mini kunne, wani abokina ɗan Nijar da ke aiki a sashen Hausa na gidan rediyo. Ya ce, "Mon ami, abokina, wannan ba faɗan mutum da mutum ba ne, politique ce, siyasa zalla. Don Allah ku zauna gida." Na ce ku 'yan jarida kun fiye ganin duhu a komai. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Sanatan nan ɗan Adam ne ko kuwa? In dai uwa ce ta haife shi, zai ji ban haƙuri."

Talata da safe muka hau jirgin ƙasa zuwa Washington. Baba ya sha farar babbar riga mai aiki, ni na sa shuɗiya, ina rungume da ƙunshin goro da kilishi da kwalbar turare. Ma'aikatan da ke cikin jirgin sai satar kallonmu suke yi, ni kuwa ji nake kamar jakada. A ƙofar ginin ofisoshin sanatoci mai gadi ya sa ƙunshin a na'ura, ya buɗe, ya shinshina kilishin, ya yi atishawa sau biyu, ya ce mu wuce.

A ofishin sanatan, matar da ke teburin karɓar baƙi ta tambaya ko an ba mu lokaci. Na ce a'a. Ta ce daga jihar sanata muke? Na ce a'a. Ta ce to ai kuwa ba zai samu ganinmu ba. Na fassara wa Baba. Ya gyara rigarsa, ya zauna a kujera, ya fito da carbi, ya ce, "Gaya mata ba sauri muke yi ba."

Kusan awa uku muna zaune. Ina jin ganin ba mu da niyyar tashi ne ya sa aka turo mana wata mata mai furfura, wadda aka ce ita ke kula wa sanata da al'amuran alƙalai. Ta kai mu wani ɗan ɗaki, ta duba agogo, ta ce tana da minti biyar.

Baba ya fara da gaisuwa. Ina kwanan sanata, ya iyalinsa, ya gajiya, ya jama'a, ya haƙuri da mulki. Ina fassarawa tana amsawa cikin mamaki, minti biyar ɗin suka ƙare ba mu ko taɓa abin da ya kawo mu ba. Sai Baba ya zame daga kujera ya durƙusa a ƙasa. Matar ta miƙe a firgice, ta ɗauka ciwo ne ya kama shi, har tana neman kiran likita. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa girmamawa ce.

Daga nan Baba ya buɗe baki. Sau ɗaya ya taɓa ganin Lauya, ranar sunan 'yata, amma duk abin da na gaya masa ya riƙe shi, ya kuma ƙara masa gishiri. Ya faɗi tuƙin ƙanƙara, ya faɗi naƙuda, ya faɗi ciyawa. Ya ce mutumin da ya bar aikinsa ya kai matar baƙo asibiti ba zai zalunci mai ƙara ba. Ya ce shekara guda mutumin nan yana zaune ba ofis, ba kotu, gashin kansa yana ƙara fari. Ya fi minti arba'in yana magana, ni ina ta gumi da fassara. Matar ta daina duba agogo. A ƙarshe ya ce, "In ya yi wa sanata laifi, da sani ko ba da sani ba, mu muka yi. A dubi furfurata a yafe masa."

Sai matar ta ce, "Ku yi haƙuri, me kuka ce sunansa?"

Na sake faɗa. Ta buɗe wani fayil, ta bi wani dogon jerin sunaye da yatsa har ta kai kusan ƙasa. Ta ce, "Ga shi. Ai mutumin kirki ne, takardunsa ba su da aibi. Sanata ba shi da wata matsala da shi." Ta ce duk sunayen da ke takardar an tare su ne, saboda lokacin da jam'iyyar su sanata take da mulki, ɗaya jam'iyyar ta yi wa nasu alƙalan haka.

Baba ya ce in tambaye ta wa ya fara. Ta yi murmushi ta ce, "Ya danganta da wanda ka tambaya."

Sai Baba ya ce, "Wato babu wanda za a roƙa ke nan?"

Ta ce, "Gaskiya babu."

Da a nan muka tashi, da da sauƙi. Amma Baba ya ce ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, ya yi mini alama in miƙa ƙunshin. Ina ajiye shi a kan tebur fuskar matar ta canja. Ta ce lauyan ne ya aiko ku? Na ce a'a. Ya san kun zo? Na ce a'a. Ta ce in ɗauke kayana yanzu, doka ta hana su karɓa, kuma dole ta rubuta cewa mun zo a kan maganar wane, da abin da muka kawo. Ta nemi sunayenmu. A nan na sha jinin jikina.

A jirgi na kira abokina ɗan Nijar. Ya ce, "Har da cadeau, kyauta, kuka kai? Ka san in wata jarida ta ji cewa baƙi sun kai wa sanata kaya don a ba mutum alƙalanci, ba kujerar kaɗai zai rasa ba, sunan da ya gina shekara talatin ne zai tafi." Baba dai ya ɓare goro ɗaya yana tauna har muka iso.

Na tarar da Lauya a ƙofar gidansa da injin ciyawa. Ji na yi kamar in wuce, amma na tsaya na gaya masa komai. Ya kashe injin, ya tsaya yana kallona.

"Me kuka kai?"

"Goro. Da busasshen nama mai yaji. Da turare."

Sai ya shige gida. Ina jiyo shi yana waya da jami'an gwamnatin da ke bin maganar naɗinsa. Rabin awar da na yi tsaye a wurin, ban taɓa jin tsoro da nadama irin nata ba. Mutumin da ya yi mini komai, ga shi na je na jawo masa abin da maƙiyi ma bai yi masa ba.

Da ya fito ya ce sun ce tunda ba a karɓi komai ba, kuma bai sani ba, babu laifi, sai dai sun roƙe shi ya roƙi maƙwabtansa su riƙa zama a gida. Yana faɗar haka dariya ta ƙwace masa. Ya zauna a kan matakala yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa in sake kwatanta masa yadda Baba ya durƙusa. Sannan ya ce in faɗa masa abin da dattijon ya ce, kada in tsallake komai.

Na faɗa masa, tun daga gaisuwa har zuwa furfura. Tun ina tsakiya dariyar ta tsaya. Da na gama ya cire tabarau ya goge idonsa, ya ce, "Ka sani, maƙwabci, fiye da shekara sunana yana wurin nan, wai ba a gama muhawara a kaina ba. Babu mutum ɗaya da ya taɓa tashi ya faɗi kalma a kaina, mai daɗi ko marar daɗi. Sai yau."

Wa'adin majalisar ya ƙare ba a yi ƙuri'a ba. Lauya bai zama alƙali ba. Ya kama wani ƙaramin ofis ya fara neman masu ƙara daga farko, yana da shekara sittin da ɗoriya. Daga baya an sauya waccan ƙa'idar, waɗanda suka yi murna a ranar su suka yi kuka da mulki ya juya, amma duk wannan bai mayar masa da komai ba.

Na koyi cewa kafin ka ɗauki rigarka ka tafi taimakon mutum, ka fara tambayarsa. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne yatsar matar nan tana bin jerin sunaye. Ni ma ina cikin ƙungiyoyi, ni ma akan ɓata mini, raina ya ce tunda ɓangarensu ya hana namu, mu ma mu hana nasu. Duk lokacin da na ji haka, sai in tsaya in tambayi kaina wane ne ramuwar tawa za ta faɗa wa, me ya yi mini, kuma ko na ma san sunansa.