Ruwan da Muka Ba Baƙon Kaduna

Shekarar da kurkunu ya kwantar da maigidana, ƙafa biyu ya kama shi, kuma a tsakiyar noman farko. Ƙauyenmu yana can bayan Toranke, inda hanyar mota take ƙarewa. Ba mu da rijiya. Tafki ɗaya ne, mu sha, shanun Fulani su sha, kuma daga cikinsa cutar take fitowa, ko da yake tsofaffinmu ba su yarda ba. Duk damina sai ka ga ƙarti zube a ƙofar gida, kowa da tsinke yana naɗe farin zaren da ke fita daga ƙafarsa, gero kuwa ciyawa tana cinsa a gona.

Yayana, wanda nake bi, shi ne ɗan majalisarmu a Kaduna a lokacin. Malamin makaranta ne a Gaya kafin a zaɓe shi, mutum mai naci kamar ƙuda. Sau uku yana miƙewa a majalisa a kan rijiyar ƙauyukanmu, har abokansa suna tsokanarsa da wakilin kurkunu. A na ukun ne minista ya gaji, ya ce zai turo babban dubagari ya gani da idonsa. In ya tarar da abin da aka faɗa, a haƙa mana rijiya. In ba haka ba, a rufe maganar, kada a sake tayar da ita.

Yaya ya aiko mana ta bakin wani mai cin kasuwar Ajingi cewa suna tafe ranar Talata. Saƙon gajere ne: kada a gyara komai.

Surukina shi ne mai unguwa. Da aka gaya masa sai ya yi tsaki.

"Aikin boko ke nan. Mutum ya taso tun daga Kaduna, mu tare shi da ruwan kwaɗi? Baƙonka annabinka. Ba a gidana ba."

Ba zan ɗora wa tsohon laifi shi kaɗai ba, don ni ma zuciyata tana tare da shi. Yayana ne zai zo da baƙon gwamnati gidan aurena, ina so a san ƙanwarsa ba a juji take zaune ba. Aka tura jakuna biyu Toranke da tuluna, suka ɗebo ruwan rijiya. Ni na wanke randa na turara ta, ni na fito da sabuwar ƙwaryar da nake ɓoyo. Aka share ƙofar gida fes. Masu kurkunu kuwa aka ce kowa ya shige ɗaki, kada a ga ko yatsansa. Maigidana ma aka ja shi ƙuryar ɗakina aka saki asabari.

Da hantsi muka ji ƙugin mota. Ina tsakar gida ina jin gaishe-gaishe a zaure, aka aiko a kai ruwa, na cika ƙwaryar nan na bayar, har ina jin daɗi. Aka kai fura, aka kai kaji.

Ba a jima ba sai ga Yaya ya shigo ba ko sallama. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ke, wane ruwa kika aika?"

"Na Toranke ne, Yaya."

"Ya shanye. Ya ce rabon da ya sha ruwa mai daɗi haka tun Kano. Ya fito da littafinsa ya rubuta." Ya waiga ko'ina. "Ina marasa lafiyar?"

Na waiga na dubi asabarin ɗakina.

"Shekara biyu ina tsayuwa a gaban manya ana yi mini dariya. Yau kun mai da ni maƙaryaci da ƙwarya ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ba ki sani ba? Yana gama cin kazar nan zai tashi, hadari yake gudu."

"To ka gaya masa gaskiya mana."

"Na gaya masa. Baba ya ce a gabansa lafiya lau ake, sai godiyar Allah. Ni zan ƙaryata dattijo a zaurensa?"

Ya juya ya fita. Haushin kaina ya kama ni, har na rasa inda zan sa hannuna. Matar aure ba ta shiga zaure da baƙi maza a ciki, balle a gaban suruki. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Sai na ji muryar maigidana daga bayan asabari.

"Zo ki kama ni."

"Malam, Baba fa?"

"Gonata ce ciyawa ta cinye, ba ta Baba ba. Ɗebo na tulun baya."

Tulun baya shi ne ruwanmu na kullum. Na tsiyaya shi a tsohuwar ƙwarya, ja-ja-jur, da 'yan ƙwari suna wutsil-wutsil a ciki. Na yafa zane, hannu ɗaya ƙwarya, ɗaya kuma yana tallafe da shi. Daga ɗakina zuwa zaure bai fi taku ashirin ba, amma duk taku sai ya cije leɓe. Muna tsakiya na ji direba ya tayar da mota.

Muka yi sallama. Baƙon yana tsaye, ya riga ya sa hularsa. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar a gabansa, kaina a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, wannan ne namu. Wancan arowa muka yi."

Maigidana ya zube a bakin ƙofa ya ɗage wando. Zaren nan yana nan a naɗe a tsinke, ƙafar ta kumbura tana ruwa. Baƙon ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko akwai wasu. Sai duk idanu suka koma kan surukina. Na ga yatsun ƙafarsa suna motsi a kan buzu.

"Akwai," in ji shi can ƙasa. "Gida-gida."

Baƙon ya cire hula, ya aika a kashe motar. Sai bayan la'asar suka tafi, Yaya yana ɗauke da ruwan nan a kwalba, wai a majalisa zai ajiye ta a kan tebur.

Rani biyu bayan haka aka haƙa mana rijiya mai bakin siminti. Kurkunu ya ragu har yara suka daina saninsa. Surukina ya sha ruwanta kamar kowa, kuma bai taɓa yi mini faɗa a kan abin da na yi ba, ko sau ɗaya. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ni ce nake dama masa fura kullum da azahar tun zuwana gidan. Washegarin zuwan baƙon na dama na aika, aka dawo mini da ita a rufe yadda na bayar. Ban fasa aikawa ba, shekara huɗu, har ranar da aka fito da shi daga zauren nan aka kai shi makwancinsa.