Jinyar Karen Yaya

Karen ba nawa ba ne, na Yaya ne. Shi ya zo da shi daga wata ruga ta wajen Araba tun yana ɗan kwikwiyo, ya sauke shi a ƙofar rumfunan albasarsa da ke kan hanyar Kalmalo, ya ce mini, "Ga abokin gadi nan." Tun daga ranar ban taɓa ganin ya jefa masa ko loma ba. Ni nake tsaron albasar, ni nake juya ta ina tsince ruɓaɓɓu, ni nake tsayawa a kan lodi idan motoci za su tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni. Abin da na ci shi karen ke ci. Mun yi shekaru a haka, har ya zama ƙato, ja, mai farin ƙirji, wanda ɓarayi suka san da zamansa.

Wata safiya cikin bazara wani mai babur ya taho a guje da jarkokin fetur, irin masu bin ɓarauniyar hanya zuwa tsallaken iyaka. Karen yana tsallaka hanya zai zo wurina, mutumin ya bi ta kansa, ko waiwaye bai yi ba. Da na isa na tarar ƙafar baya ta hagu ta dagargaje, fatar cikin ta tsage. Bai yi kuka ba, numfashi kawai yake yi yana kallona.

Na kira Yaya a waya. Ya zo ya tsaya daga nesa, hannunsa cikin aljihu.

"Mi kake jira? Ja shi bayan gari."

"Yaya, shina da rai hwa."

"Zuwa la'asar ba shi da shi," in ji shi, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Na naɗe karen cikin buhu, na roƙi wani direba da ke kai albasa Sakkwato. Ya yarda, amma ya ce ni da kayana mu hau baya. Haka muka yi tafiyar a kan buhuna, rana na dukan mu, jini na jiƙa mini wando. A Sakkwato likitan dabbobi ya duba, ya ce ƙafar ba ta gyaruwa, sai dai a cire. Ya cire ta tun daga cinya, ya ɗinke cikin. Da zan taho ya yi mini bayani dalla-dalla: kada a bari ya lashi ɗinkin, kada ƙuda ya zauna a kai, magani safe da yamma, kuma kada ya yi yunƙurin tafiya sai wurin ya kame.

Matata masa, wato waina, take soyawa a ƙofar gida kowace safiya, da ita ake cika cefane. Da ta ga abin da na shigo da shi sai ta ja da baya.

"Malam, cikin gida?"

"To ina zan kai shi?"

Can ta ɗauki tsintsiya ta share tsohon garken awaki da ke bayan ɗaki, ta shimfiɗa kwali, ta kawo wani tsohon zanenta ta ajiye. Ba ta taɓa shi ba, ranar ko bayanta, amma ita ke ɗora ruwan ɗumi tun kafin in tambaya.

Kwanakin farko ya ƙi cin komai. Na ware masa ƙwarya da ludayi, ina ɗura masa romo ta gefen baki, rabi na shiga rabi na zubewa a ƙasa. Ƙwayar magani kuwa sai na tura ta cikin busasshen kifin tafkin Kalmalo, shi ma ya gane, yakan cinye kifin ya tofar da ƙwayar. Don kada ya kai baki ga ɗinkin na yanke gindin wani tsohon bokitin roba na zura masa a wuya. Ya tsani abin nan, yana buga shi a bango har ya gaji. Ƙudajen bazara suka sa na ɗaura masa gidan sauron da muka daina amfani da shi. Idan zai yi fitsari sai in zura zanen a ƙarƙashin cikinsa in ɗaga, shi yana dogara ƙafafun gaba, ni ina zama masa ƙafar da ta tafi. Wani lokaci yakan manta, ya karkata zai sosa kunne da ita, dungun kawai ya yi ta motsi. Sai ya juyo ya dube ni kamar ni na ɓoye ta.

Safe da yamma ina wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri. Ran nan na taɓa wurin da ya kumbura, ya kai mini cizo a wuyan hannu. Bai ji mini ciwo sosai ba, amma na zauna a ƙasa na riƙe hannun. Shi ma ya kwantar da kai, ya ƙi haɗa ido da ni.

Warin ciwo ba ya ɓoyuwa a gidan da katangarsa ba ta wuce kafaɗa ba. Cikin 'yan kwanaki unguwa ta ji labari. Da farko dariya ce: wane ya kai kare asibiti, saura ya sai masa sanda. Daga baya magana ta canja. Aka ce wai a tukunya ɗaya muke dafa namu da nasa. Matan da suka yi shekaru suna aiko da kwano wurin matata suka daina. Ta zauna gaban tanda tun safe har rana ta yi zafi, ta shigo da tasa cike da masa, ta dire a tsakar gida.

"Ko ɗaya ban taɓa shi ba," in ji ta. "Allah shi sani ko ɗaya."

Ba ta ce in fitar da shi ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

A masallaci kuma wanda muka saba haɗa kafaɗa a sahu ya koma barin ɗan fili tsakaninmu. Ina wanka, ina canja kaya kafin kowace salla, amma a banza. Na je wurin malamin unguwarmu, dattijo ne da muke girmamawa, na zauna a zaurensa na gaya masa komai. Ya ce ba laifi a kaina, karen gadi ne, kuma akwai lada ga tausaya wa duk mai rai.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, da ka hwaɗa masu haka bayan salla, ko don iyalina."

Ya gyara zama, ya ce, "Ka san mutane. A bari abin shi lafa."

Bai faɗa ba.

Duk wannan lokacin Yaya bai leƙo ba, bai kuma tambaya ba. Ina zuwa rumfa in yi abin da ya samu in dawo da wuri saboda magani. Ciwon ya fara kamewa, karen ya soma cin tuwo da kansa. Wata la'asar ina shanya zanensa sai na ga ya ɗaga kai, kunnuwa a tsaye. Ni ban ji komai ba tukuna, sai can na ji ƙarar babur ɗin Yaya. Kafin in juya karen ya yunƙura, ya yage gidan sauron, ya faɗi, ya tashi, ya ja jiki har zaure da bokitin a wuyansa, yana wani irin kuka yana kaɗa wutsiya. Tun da na kawo shi gidan bai taɓa kaɗa mini ita haka ba.

Yaya ya ja rigarsa sama, ya ture shi da takalmi. "Kai! Ashe abin ga bai mutu ba?"

Bai zauna ba. Mabuɗan rumfa ya zo karɓa. Ya ce albasa na ruɓewa ni ina nan ina reno, ya sa ƙanen matarsa a wurin.

"Yaya, karenka na hwa nike jinya."

"Ni na aike ka?"

Na ciro mabuɗan na miƙa masa. Da na sunkuya zan ɗauki karen sai na ga jini a ƙasan zauren. Ɗinkin cikin ya ɓalle kusan rabi. Sai ranar kasuwa na samu wani malamin dabbobi da ke zuwa kara, wato kasuwar dabbobi, ya sake ɗinkewa, muka koma farko: romo, gishiri, zane a ƙarƙashin ciki. A wannan karon ina yi ne baki rufe. Da can ina yi masa magana idan ina wanke ciwon, yanzu na daina.

Damina ta sauka kafin ya warke. Gashi ya rufe tabon, ya koyi tafiya da ƙafa uku, yana ɗan tsalle yana karkata. Ni kuma na samu aikin dako a tasha. Matata ta kife tandarta a bayan ɗaki, ta koma ɗinkin hula, wanda ba mai tambayar da wane hannu aka yi.

Wata safiya na fito da ƙwaryarsa na tarar ba ya nan. Na bi hanyar Kalmalo, na same shi kwance a ƙofar rumfunan Yaya, daidai inda ya saba kwanciya. Na ɗaura masa igiya na dawo da shi. Washegari ya koma. Na sake zuwa, ya sake komawa. Daga nan na bar shi.

Bayan watanni aka aike ni da kaya can gefen, hanya ta bi da ni ta gaban rumfunan. Yaya yana zaune a kan benci da baƙi 'yan Ƙwanni suna shan shayi, karen kwance kusa da ƙafarsa. Na ji ɗaya daga cikin baƙin yana tambayar yadda aka yi ƙafar.

"Babur ya taka shi," in ji Yaya. "Har Sakkwato na sa aka kai shi, aka yi mashi aiki awa mutum. Ni ba ni yada wanda ya yi mani hidima."

Baƙin suka jinjina kai, suna cewa Allah ya saka. Yaya ya ɗago ya gan ni da buhu a ka, bai ko ji kunya ba.

"Yawwa, ga ma wanda na aika nan."

Karen ya ɗaga kai ya dube ni, ya buga wutsiya a ƙasa sau ɗaya, ya mayar da haɓarsa kusa da takalmin Yaya. Haƙarƙarinsa duk a waje. Na gaishe da baƙin, na gyara buhun a kaina na wuce.

Da na koma gida matata ta tambaye ni ko na gan shi. Na ce na gan shi. Ta ce yana lafiya? Na ce ya rame. Ta ci gaba da ɗinkinta, can ta ce gobe za ta kwashe kwalayen garken ta ƙona, tana so ta sayi tunkiya.