Ɗaki Na Tara, Ƙarshen Waya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga wannan wata, mai gadi ya leƙo ɗakina da hantsi ya ce ka rasu, Injiniya. Zazzaɓin kwana uku. Ban iya zuwa jana'izarka ba, ƙafafuna sun daina kai ni ko bakin titi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake yatsun sun sandare.

Shekara huɗu ke nan da ka shigo gidan hayar nan gyaran fanka, ka tarar da ni a ƙasa tun safe, ba wanda ya ji kirana. Ka ɗaga ni, ka ce, "Baba, wannan ba za ta sake faruwa ba."

Bayan mako biyu ka dawo da ƙananan akwatuna tara, kowanne da maɓalli da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki wadda ba ta fi farce ba. Ka ja waya mai igiya biyu daga wani babban akwati a ɗakin mai gadi, ta bi ɗaki ɗaki har ta ƙare a nawa. Duk wanda ya danna maɓallinsa, mai gadi zai ji ƙara ya zo. Ka bayyana mini cewa babban akwatin ne ke kiran kowa da lambarsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma babu mai magana sai an kira shi, don in biyu suka yi magana tare ba a jin kowa. Na ce da matan gidan nan sun koyi wannan ladabi, da mun huta. Ka yi dariya har sukurdireba ta faɗi.

Duk sanda aka kira lambata, wani ɗan koren haske yakan ƙifta. 'Ya'yana sun yi nisa, matata ta riga ni gidan gaskiya. Wannan hasken ne kaɗai ke tambayar lafiyata kullum.

Na tuna ranar da telan ɗaki na huɗu ya buga ƙusa a kan wayar, mu biyar na bayansa muka yanke. Ka zo cikin ruwan sama kana bin bango da tafin hannu har ka gano wurin. A ranar ka gargaɗe ni cewa na ƙarshen waya shi ne farkon wanda kowace matsala ke samu.

Injiniya, tun ranar Alhamis hasken bai ƙifta ba. An kawo wani mai gyara, ya buɗe akwatin, ya ce ba zane ba rubutu, komai yana cikin kan wanda ya haɗa. Ya ce in sayi wayar hannu. Da waɗanne yatsu? Jiya na danna maɓallin sau uku don gwaji, na zauna ina sauraron takun mai gadi har la'asar. Bai zo ba. Yanzu a buɗe nake barin ƙofa, da kwano da cokali kusa da gado don in buga in na faɗi. Banɗaki ma sai na yi shahada nake shiga. Ba mutuwar nake tsoro ba kamar in kwana biyu a ƙasa ba wanda ya sani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da matarka, da 'yarka wadda ban taɓa gani ba. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Ba ka bar ni ni kaɗai a ɗakina ba. Kada Allah ya bar ka kai kaɗai a naka. Amin.