Neman Mahaifiyar Sa'idu a Jidda

Litinin: Kano zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba maigidana ya sauke ni a filin jirgi. Jirgin da aka ce zai tashi ƙarfe bakwai bai motsa ba sai sha ɗaya da kwata, kuma ko sannu ba wanda ya ce mana. Na zauna rungume da fayil ɗin mutumin da ya sa ni wannan tafiya.

Sunansa Sa'idu. Shekara goma sha tara ke nan yana ɗaurin rai-da-rai, saboda ya soki wani kwandasta a tasha, mutumin ya rasu. Bai taɓa musun hakan ba. Aikina a ofishin lauyoyinmu shi ne tono tarihin irin waɗannan fursunoni, inda aka haife su da abin da ya same su kafin ranar laifi, lauya ya kai wa kotu ta sake duba hukuncin. Takardun shari'a sun ce shekararsa ashirin da biyu a lokacin, shi kuwa ya ce sha shida. A Jidda aka haife shi, yana ɗan shekara sha huɗu aka kama shi a kamen marasa takarda, aka sauke shi a Kano shi kaɗai. Abin da ya iya ba ni bai wuce uku ba: sunan uwarsa Zinaru, unguwarsu Bani Malik, kusa da mai gasa burodin tamis.

Shida saura kwata agogon can muka sauka. Layin duba fasfo ya cinye awa ɗaya da rabi. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki riyal ɗari da ashirin, na'urar sanyaya ɗakin tana ƙara kamar injin niƙa.

Talata: Bani Malik

Ƙarfe takwas direban da aka haɗa ni da shi ya iso, wani dattijo mutumin Chadi, Malam Abakar. Da na gaya masa kwatancen sai ya tuntsire da dariya.

"Mai tamis? Hajja, ai kowane lungu da nasa! Yalla, mu je ki gani."

Kafin azahar mun tsaya wurin masu tamis goma sha ɗaya. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, a leƙo, a dubi fayil ɗina, a ce, "Ba mu san ta ba, halas," a rufe. Wata ma da Hausa ta amsa sallamata, amma da na ambaci Zinaru sai ta ce ita ba ta jin Hausa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Muna cin tamis da wake na riyal bakwai Malam Abakar ya ce, "Rabin mutanen nan ba su da iƙama, takardar zama a ƙasar. Kin zo da takardu a hannu, da tabarau a hanci, wa zai buɗe miki baki? Bar su a mota."

Na ce, "Tun safe ba ka iya faɗa ba, sai yanzu?"

"Ba ki tambaya ba, Hajja."

Na bar su. Da la'asar wata mai sayar da gyaɗa, 'yar Damagaram, ta ce ta san wata Zinaru mai wankau, amma ta daɗe da komawa Waziriyya.

Laraba: Waziriyya

Tafiyar ba ta kai kilomita goma sha biyar ba, amma cunkoso ya sa muka yi minti hamsin. A nan kuma Zinaru uku aka kwatanta mini. Ta farko yarinya ce. Ta biyu ta zaunar da ni, ta ba ni shayi, ta yi awa biyu tana ba ni labarin ciwon ƙafarta, sai da na miƙe ta ce ita ba ta taɓa haihuwa ba. Ta uku an ce ta koma gida tun bara.

Na kusa cewa a mai da ni masauki, sai wata tela ta ja ni gefe ta ba ni lambar wata Amna, wai 'yar Zinaru mai wankau ce, tana aikatau a Abhur. Na kira. Tana jin sunan Sa'idu ta ce da Larabci ya mutu tuntuni, ta kashe waya. Sai a kira na biyar ta saurare ni.

"Ki zo gobe ƙarfe goma. Kafili, mai gidan da nake wa aiki, zai fita."

Alhamis: Abhur, da komowa

Kilomita arba'in da wani abu muka yi zuwa arewa, aka tsai da mu sau ɗaya a shinge aka duba fasfona. Minti hamsin na tsaya a rana bakin ƙofar wani katafaren gida kafin Amna ta fito. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi wane tabo ne a jikin yayanta. Na ce ƙunar shayi a hannun hagu. Ta gyaɗa kai.

Da Hausarta mai karyewa ta ce, "Ummi tana Waziriyya. Bayan shagon telar da ta ba ki lambata."

Lungu biyu tsakaninmu jiya! Na dubi Malam Abakar, ya ɗaga hannu sama. Haka muka juyo, Amna a gidan baya tana kuka ba sauti.

Inna Zinaru tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idonta ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Sa'idu yana raye, na kuma gaya mata inda yake da abin da ya aikata, ban rage komai ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta tambayi sunan wanda ya rasu, ta yi masa addu'a.

Daga cikin wani gwangwanin biskit ta zaro katin rigakafinsa, da ranar haihuwa ta Hijira a kai. Na lissafa har sau uku. Sha shida ne shekarunsa a ranar laifin.

Ina ɗaukar hoton katin ta ce, "'Yata, rubuta wannan ma. Ranar da aka kama shi ina tsallaken titi, Amna a bayana. Ina kallo aka tura shi mota. Ban yi ihu ba, don ni ma ba ni da takarda. Na ja mayafina na wuce. Ki gaya wa alƙali yaron nan uwarsa ce ta fara yar da shi."

Na rubuta. Katin ma ta ce in tafi da shi.

Komawa gida

Ranar Juma'a jirginmu ya sake yin latti, wannan karon awa uku, sai bayan la'asar na sauka Kano. Litinin da safe na tafi gidan yari, aka bar ni a benci har sha biyu kafin a fito da Sa'idu. Na ba shi labari tun daga masu tamis, har ya yi dariya. Da na zo kan maganar uwarsa sai na yi jinkiri, amma na faɗa yadda ta faɗa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Hajiya. Ai na gan ta. Ni na kau da kai, don kada su bi idona su kama ta. Ki gaya mata."

A ranar na kira Amna, na yi sa'a tana wurin uwarta, ta kara wa tsohuwar waya a kunne, na gaya mata.

Bayan wata biyar kotu ta karɓi katin, ta mai da hukuncin zuwa ɗaurin shekaru, saura masa biyu ya fito. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mai gyaɗa da tela, waɗanda ban ma tambayi sunansu ba, da Malam Abakar da ya sha masifata kwana uku bai yi fushi ba.